Yadda Mutumin Karkara Zai Zaga Birnin Kano da Ƙafa, da Jakarsa a Baya

Mafi yawanmu mutanen karkarar Kano da Jigawa mun sha shiga birni, amma kusan kullum wata buƙata ce take kai mu: dubiya a asibiti, sayen kayan ɗakin amarya, kai amfanin gona kasuwa, ko cirani idan an gama aikin kaka. Mutum yakan sauka a tasha, ya hau adaidaita sahu zuwa inda zai je, ya gama abin da ya kawo shi, ya juya gida kafin magariba, kuma idan aka tambaye shi sai ya ce ya san Kano, alhali abin da ya sani bai wuce tituna biyu ko uku ba. Ina ganin ya dace kowane matashi mai lafiya ya ware kwana biyu ko uku ya shiga birnin ba don wata buƙata ba sai don ya san shi, ya taka unguwanninsa da ƙafa, ya ci abincinsa, ya gaisa da mutanensa. Abin ba ya cin kuɗi mai yawa idan an tsara shi da kyau.

Zaɓen lokaci

Abu na farko shi ne ka zaɓi lokacin da gona ba ta buƙatarka kuma rana ba ta da zafi sosai, wato daga bayan an shigar da amfani rumbu zuwa ƙarshen hunturu. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma tafiyar ƙafa da tsakar rana a irin wannan yanayi tana iya kwantar da mutum. Da damina kuwa lungunan cikin gari sukan cika da ruwa da taɓo, ga shi kuma lokacin noma ne. Idan abinci yana cikin abin da kake son gani, kada ka sa tafiyar a watan azumi, domin masu sayar da abinci ba sa fitowa sai an kusa shan ruwa. Ka kula da ranaku ma. Ranar Asabar ta ƙarshen wata akan yi tsaftar muhalli, ana tsayar da zirga-zirga da safe har wajen ƙarfe goma. Ranar Lahadi shaguna da yawa a Sabon Gari a rufe suke, ranar Juma'a kuma hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci sukan cushe tun kafin azahar. Wanda ya shiga ranar Litinin ko Talata zai tarar da kasuwanni da gidajen tarihi duk a buɗe.

Masauki kafin komai

Kada ka bar gida sai ka san inda za ka kwana. Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da ɗa a Kano, ko mai shago a kasuwa, ko malamin tsangaya da ya yi kaka-gida a wata unguwa, ko ɗalibi a makaranta. Ka kira shi tun ana saura 'yan kwanaki, ka faɗa masa ranar zuwanka da ranar tafiyarka, domin ɗakin birni ƙarami ne, kuma baƙon da ba a san ranar tafiyarsa ba nauyi ne ga mai gida ko da bai faɗa ba. Ka riƙa masa wani abu daga gida, ko kwanon wake, ko ƙwan zabi, ko daddawa da kuka, ko kwalbar man shanu, domin waɗannan abubuwa suna da daraja a birni fiye da yadda muke zato. Idan babu wanda ka sani, akwai ƙananan masaukai na kuɗi a kusa da manyan tashoshi da kuma Fagge, sai dai ka nemi a nuna maka ɗakin da bayan gida kafin ka biya. Kada ka dogara da cewa za ka kwana a masallaci, domin masallatai da yawa yanzu ana kulle su bayan sallar isha'i, kuma masu tsaron unguwa ba sa sakin jiki da baƙuwar fuska da dare. Mace kuwa ya fi mata kyau ta tafi tare da muharraminta ko da 'yan'uwanta mata, ta kuma sauka a gidan dangi.

Abin da zai shiga jaka

Jakar goyo matsakaiciya mai igiya biyu ta isa, irin ta 'yan makaranta amma mai ƙwari. Ƙa'idar ita ce duk abin da ka saka da hannunka, bayanka ne zai ɗauke shi daga safe har yamma, saboda haka ka rage kaya iyakar iyawarka. Kayan sawa kala biyu ban da na jikinka, hula, ƙaramar dadduma, asuwaki, sabulu da soso, man shafawa saboda bushewar hunturu, da mayafi mara nauyi na dare. Ka haɗa da cajar waya, da takunkumi ko ƙyalle saboda ƙura da hayaƙin ababen hawa, da gorar ruwa, da 'yan ƙwayoyin maganin ciwon kai, da ƙunshi ɗaya ko biyu na garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis saboda ɓacin ciki. Idan ba ka da tabbacin gidan sauro a masaukinka, ka naɗe naka ka saka, domin sauron Kano ba ya jin hunturu kamar na karkara. Katin shaidarka na ɗan ƙasa ya kasance a jikinka, ba a cikin jaka ba.

Takalmi ya fi komai muhimmanci a wannan tafiya. Kada ka sayi sabo domin ita, gara tsohon da ƙafarka ta saba da shi, mai rufi ko mai maɗauri a dunduniya, domin silifa takan tsinke ko ta zame a bakin kwata.

Kuɗi kuma ka raba su gida uku. Kaɗan, masu ƙananan canji, su zauna a aljihun gaba domin kuɗin mota da abinci. Wasu ka sa a aljihun ciki na wando ko 'yar shara. Sauran ka bar su a asusu idan kana da shi, tun da masu POS suna ko'ina kuma 'yan kasuwa da yawa suna karɓar tiransifa. Lambar mai masaukinka da ta wani na gida ka rubuta su a takarda, saboda idan waya ta mutu ko ta ɓata kada ka rasa wanda za ka kira.

Shiga gari

Tashar da za ka sauka ta danganta da ɓangaren da ka fito. Mutanen Haɗeja, Gumel, Ringim da Gezawa sukan shigo ta titin Haɗeja su sauka a 'Yan Kaba. Mutanen Kazaure, Ɗambatta da Bichi sukan sauka a wajen Ƙofar Ruwa. Na Gwarzo da Ƙaraye suna shigowa ta Kabuga, na Kura da Rano da Tudun Wada ta titin Zariya wajen Na'ibawa, na Wudil da Gaya da Dutse da Birnin Kudu kuma ta titin Maiduguri, ta Mariri da Hotoro. Ka bi motar asuba domin ka isa da hantsi.

Tun shekarar 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin, don haka adaidaita sahu ce abin hawan talaka. Hanya biyu ake hawanta. Ko dai ka shiga tare da wasu fasinjoji a kan hanyar da ta saba bi, kowa ya biya nasa, ko kuma ka ɗauki shata ta kai ka kai kaɗai har ƙofar inda za ka, wanda kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa. Baƙo yakan faɗa cikin shata bai sani ba, saboda haka ka faɗi inda za ka, ka tambayi kuɗin, ka ji amsa, sannan ka shiga. A 2022 gwamnatin jiha ta sa dokar hana su aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ranar da ka isa, ka fara kai jakarka masauki, ka gaisa, ka huta, ka rage kayan da ba za ka buƙata a yawo ba.

Rana ta farko: cikin badala

Ka fara da Dutsen Dala da sassafe, bayan gari ya waye sosai kuma mutane sun fara fitowa, ba da duhun asuba ba. Akwai matakala da aka gina har sama, hawan kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Amfanin farawa daga nan shi ne za ka ga shimfiɗar garin gaba ɗaya kafin ka nutse a cikinsa: Goron Dutse daga yamma, hasumiyoyin babban masallaci da kewayen Gidan Sarki daga kudu maso gabas, dogayen benayen Fagge da Kwari daga gabas. Ka tsaya ka riƙe waɗannan alamomi a ranka, domin da su za ka riƙa gane gabas da yamma idan lungu ya juya maka kai. A gindin wannan dutse ne garin ya faro, wurin maƙera masu narka tama da mutanen Barbushe, tun kafin zuwan Bagauda. Ganuwar da ta kewaye tsohon garin kuma Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau yawancinta ta zube ko an yi gini a kanta, abin da ke ba ni takaici matuƙa, amma sunayen ƙofofin suna nan, kuma da su mutanen gari suke kwatance: Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan Agundi, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kansakali, Waika da sauransu. Wanda ya haddace su a jere ya rage wa kansa rabin wahalar ɓata.

Idan ka sauko, kana iya ratsawa Gwammaja da ke kusa ka ga gidan Malam Aminu Kano, wanda ake kira Mambayya. A nan ya zauna, a nan kuma aka binne shi da ya rasu a 1983, yanzu gidan yana ƙarƙashin kulawar Jami'ar Bayero. Ƙanƙantar ɗakunan da ya rayu a ciki kaɗai ta isa ta sa mutum tunani.

Daga nan ka nufi Kurmi ta cikin unguwa, kada ka hau komai. Wannan yanki shi ne zuciyar tafiyar, kuma a nan ne ya kamata ka rage sauri. Lungunan suna da ƙunci, wasu ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, ga kwata a tsakiya, ga zauruka na ƙasa masu azara da zanko a tsakanin sababbin gine-ginen siminti, ga muryar 'yan makarantar allo tana fitowa daga soraye. Sunayen unguwannin da kansu suna ba da labarin waɗanda suka kafa su. Madabo tsohuwar cibiyar karatu ce ta malaman Wangarawa. Sharifai ana danganta ta da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ayagi asalinta Yarabawa ne 'yan kasuwa, Tudun Nufawa ta Nufawa ce, Zangon Barebari ta mutanen Barno, Agadasawa ta mutanen Agadas, Dandalin Turawa kuma nan ne Larabawan da suka ƙetaro hamada daga Tarabulus da Gadamas suka zauna. A Koki da Sarari za ka ji sunan gidan Alhasan Ɗantata a bakin kowa.

Za ka ɓata a cikin waɗannan lunguna, wannan babu makawa, kuma taswirar waya ba ta san yawancinsu ba. Maganin abin shi ne tambaya, amma tambaya tana da ladabinta. Ka nemi dattijo da ke zaune a dakali ko mai shago da ke cikin shagonsa, ba matasan da ke tsaye a kan kwana ba. Ka cire abin kunne idan kana da shi, ka ɗan rusuna, ka yi sallama, ka ce, "Baba, barka da hutawa, ya iyali? Don Allah ni baƙo ne daga wajen Ringim, hanyar Kurmi nake nema." Sau da yawa zai tambaye ka gidan wa kake a garinku, wataƙila ma ya kira yaro ya ce, "Kai, zo ka raka yayanka bakin titi." Idan haka ta faru, ka ba yaron ɗan abin sayen alewa, ka yi wa dattijon godiya. Kada ka leƙa zauren da ba a yi maka izini ba, kada ka ɗauki hoton mata ko na gidan mutane, idan kuma lungu ya ƙare a ƙofar gida sai ka juya ba tare da dogon kallo ba.

Karin kumallonka na wannan rana ya zama gurasa, kuma a wajen Jakara za ka neme ta, domin unguwannin wannan yanki sun daɗe da shahara a kanta. Idan ka yi sa'a aka bar ka ka tsaya kusa da masu gashi, za ka ga yadda mace take ɗebo ƙullun da ya kwana ya tashi, ta faɗaɗa shi a tafin hannu, ta sunkuya ta manna shi a jikin tanderun da ya yi ja da wuta, bayan ɗan lokaci ta ɓamɓaro shi ya kumbura, gefensa ya yi ɗan baƙi-baƙi. A bakin titi kuma masu bandashe suke tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, su barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, su zuba man gyaɗa, su yanka albasa da tumatir a kai. Abinci ne mai arha mai riƙe ciki, kuma guda biyu za su kai ka azahar. Larabawan da muka ambata ne ake cewa sun kawo ta, tare da wasu kayan alkama irin su alkaki da alkubus, waɗanda har yau matan cikin gari suka fi kowa iya su.

Kasuwar Kurmi ta kafu ne tun zamanin Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma ita ce kasuwar da fatake daga Barno, Gwanja da ƙetaren hamada suke nufa. Yanzu manyan kasuwannin waje sun janye mata ciniki, amma abin da ke cikinta babu shi a wani wuri a haɗe. Kafin ka shiga ka juyo da jakarka gaba, ka rungume ta a ƙirji. Ka bi layi-layi: masu kayan doki da sirdi da linzami da likkafa, dukawa masu jakunkuna da titimi da takalman fata, masu tasoshin tagulla, masu ƙwarya da ludayi da faifai, masu turaren wuta, masu huluna, masu sassaƙe da saiwoyi, da masu littattafan addini da allo da tawada. Ba laifi ba ne ka tambayi kuɗin abu ka wuce, amma idan ka taya har aka sallama maka, mutunci shi ne ka biya. Shawarata ita ce a wannan rana ka yi kallo kawai, ka riƙe wurin da ka ga abin da kake so, sayayya ta jira ranar tafiya, don kada ka ƙara wa bayanka nauyi.

Ka yi sallar azahar a babban masallacin Juma'a da ke jikin Gidan Sarki, ka zauna a inuwa har rana ta ɗan yi sanyi. Sannan ka kewaya zuwa Ƙofar Kudu, inda za ka ga gaban fadar da dogarai cikin jan kaya da kore. Ba a shiga sai da dalili, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton jami'an tsaro. A tsallaken filin akwai Gidan Makama, wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan, a ciki kuma akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903, da ɗakin amarya irin na da. Ka ɗaga kai ka dubi daurin gugan da ke riƙe da rufin zaurukan, domin magina na ƙasa irin waɗannan sun kusa ƙarewa ko a karkara.

Ka rufe yinin da marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1498. Karofi ne masu zurfi a jere, ana jiƙa baba da toka a ciki har ruwan ya nuna, marini ya riƙa tsoma zane yana ɗagawa, domin iska ce take mayar da launin daga kore zuwa shuɗi. A gefe za ka ji ƙarar mabuga suna dukan zane da manyan sanduna a kan gungume har ya yi ƙyalli. Yawancin ramukan yanzu babu kowa a kansu. Mutumin Kura ko na wani garin da aka san shi da rini zai ga abin da ya saba gani a gida, amma zai gane girman sana'ar a da. Idan wani ya zagaya da kai ya yi maka bayani, ka ba shi wani abu don lokacinsa.

Rana ta biyu: wajen ganuwa

Daga Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, da ka tsallaka titi ka shiga wata duniyar dabam. Fagge a da zangon ayarin raƙuma ne na Buzaye, yau kuma ita ce unguwar da ba ta barci, ga 'yan canji a Wapa, ga teloli, ga masu shayi. Ka karya a nan da koko da ƙosai ko waina da miya, ko kuma shayi da burodi da wainar ƙwai idan aljihu ya yarda. Kantin Kwari tana kusa, kasuwar atamfa da shadda da leshi wadda 'yan sari suke zuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru. Cunkosonta ya fi na ko'ina, kuma masu dako da masu kura ba sa tsayawa, saboda haka idan ka ji an ce "hanya" ka matsa gefe nan take. Singa ta kayan masarufi ce a sari, kuma a nan za ka gane inda mai shagon ƙauyenku yake sayo sukari da taliya da sabulu, da ribar da yake ɗorawa.

Sabon Gari ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Titunanta a miƙe suke, sun ratsa juna, ga coci-coci, ga Inyamurai da Yarabawa da sauran ƙabilu da yawansu a nan aka haife su kuma suna jin Hausa kamar kowa. Ka shiga da rana, ka zaga babbar kasuwar da aka sa wa sunan Abubakar Rimi, ka ci abincin rana a ɗaya daga cikin gidajen abincin da ke cike da mutane: sakwara da miyar agushi, ko amala, ko teba. Ka tambayi irin naman da ke cikin miya kafin a zuba maka, ba wanda zai ji haushin wannan tambaya. Akwai mashaya a wasu tituna, kuma baƙo ba shi da abin yi a can bayan magariba.

Game da abinci gaba ɗaya, ƙa'ida ɗaya ta isa: ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka, a wurin da mutane suke layi. Ɗan wake da zafinsa, awara da ake soyawa yanzu, tsire ko balangu da aka ɗauko daga kan wuta, duk ba su cika ba da matsala ba. Abin da ya fi ɓata cikin baƙo shi ne kayan sanyi da aka haɗa da ruwan da ba a san asalinsa ba, da ganyen da aka yanka tun safe, da shinkafar da ta wuni a buɗe. Ruwa ka sha na leda ko na gora. Fura da nono kuwa, gaskiya ta gida ta fi, kada ka ɓata kuɗinka. Idan buƙatar bayan gida ta taso, ka tambayi gidan wanka, akwai su a kowace kasuwa da tasha, ana biyan kuɗi kaɗan.

Dole in yi magana a kan waya, domin ƙwacenta matsala ce ta gaske a Kano. Kada ka yi tafiya kana latsa ta, kada ka riƙe ta a gefen titi a cikin adaidaita, idan kira ya zama dole ka shiga shago ko masallaci. Ka guji duk wanda ya tare ka da labarin ya tsinci kuɗi ku raba, ko ya ce yana da kaya masu arha a wani lungu, ko ya fara faɗa maka abin da ke damunka a gida. Idan ka ga matasa suna gudu ko shaguna suna rufewa ba lokacin rufewa ba, kada ka tsaya kallo, ka shiga wurin da manya suka shiga. Idan kuma Allah Ya ƙaddara aka tare ka da makami, ka ba da wayar.

Rana ta uku da komawa

Wanda yake noma bai kamata ya bar Kano bai je Dawanau ba. Tana kan titin Katsina, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma daga Ƙofar Ruwa ake samun mota. Nan ne riɗi da zoɓo da wake da gyaɗa da muke sayar wa 'yan kasuwa a kasuwannin ƙauye suke taruwa, a tankaɗe su, a sake zuba su a buhu, a loda wa tireloli zuwa kudu da ƙasashen waje. Ka zaga rumfunan abin da kake nomawa, ka gaisa da dillalai, ka tambayi farashin buhu a ranar, ka tambayi irin da masu saye suka fi so da abin da ke sa a rage wa kaya daraja, ko ƙasa ce, ko danshi, ko gauraye iri. Awa biyu a nan za su iya sauya yadda za ka sayar da amfaninka baɗi. Mai noman rani kuma kasuwar kayan gwari ta 'Yan Kaba ce tasa, da sassafe lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan tattasai. Idan lokaci ya rage, Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, ya cancanci a leƙa.

Sai tsaraba. Ka koma Kurmi ka ɗauki abin da ka riga ka gani, ka sayi kilishi a Agadasawa inda aka san masu yin sa, da alkaki ko dubulan domin iyaye mata, da gurasa sabuwar gashi idan a ranar za ka isa gida, tun da ba ta jure kwana da yawa. Ka ware kuɗin motar komawa tun kafin ka fara sayayya, ka sa su a wani aljihu dabam. Ka koma masauki ka yi sallama da mai gida da iyalinsa, ka ba yaran gidan wani abu, ka tambaya ko akwai saƙon da za ka kai gida. Ka isa tasha kafin la'asar, domin motocin ƙananan garuruwa sukan ƙare da wuri, waɗanda suka rage kuma sukan ƙara kuɗi, ga shi idan ka sauka a bakin titi da dare ba lallai ka sami babur ɗin da zai shiga da kai ƙauye ba. Da motar ta tashi, ka kira mai masaukinka ka shaida masa, ka kuma kira gida su san lokacin da za su sa ran isowarka.